Dusar ƙanƙara a Texas: abin da ya kamata sabon zuwa ya sani tun kafin ya sa hannu a takardar haya

Da wuya ka tambayi ɗan'uwanmu dalilin da ya sa ya zaɓi Houston ko Dallas ko San Antonio bai ambaci yanayi ba. "Ai can ba a sanyi." Haka ake faɗa wa kowa tun kafin ya hau jirgi, kuma a mafi yawan shekara maganar gaskiya ce, zafi ne ma ke damun mutane. To amma duk bayan 'yan shekaru iskar da ke kan ƙanƙarar arewacin duniya takan ɓalle ta gangaro har bakin tekun kudu, kuma idan ta zo, ƙasar da ba ta saba ba ita ce ta fi jin jiki. A tsakiyar Fabrairun 2021 ma'aunin zafi a Houston ya sauka zuwa digiri 13 a lissafin Amurka, wato kusan 11 ƙasa da sifili a lissafin da muka sani. Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4.5 suka rasa wuta a faɗin jihar, kuma hukumar lafiya ta Texas ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Ranar 21 ga Janairun 2025 kuma dusar ƙanƙara ta sake rufe Houston, aka rufe manyan filayen jirgin sama biyu na birnin, New Orleans da ke jihar Louisiana ta samu inci 8 a ƙasa. Duk da haka har yanzu ina jin sababbin zuwa suna cewa wannan labarin mutanen Minnesota ne, can arewacin Amurka.

Maganar tufafi ba ta da tsawo. Riga a kan riga ta fi babbar riga guda, a rufe kai da kunne da ƙafa, a ajiye bargo mai kauri ko da ba a buƙatarsa yanzu. Ku riƙe lamba ɗaya a kanku: 32. Idan wayarku ta nuna dare zai sauka ƙasa da digiri 32 a lissafin Amurka, ruwa zai daskare.

Tuƙi ma shawararsa gajera ce: kada ku fita. Biranen kudu ba su tara motocin share ƙanƙara da gishirin zubawa a titi kamar na arewa ba, kuma manyan hanyoyin Houston da Dallas cike suke da gadojin sama, waɗanda su ne ke fara daskarewa saboda iska na ratsa su ta sama da ƙasa. Ƙanƙarar da ke kayar da mota ba a ganinta, kwalta ce kawai take ƙyalli kamar an yayyafa ruwa. A Atlanta, ranar 28 ga Janairun 2014, dusar da ba ta kai inci 3 ba ta sa mutane kwana cikin motoci a kan titi, yara suka kwana a makarantu. Masu aikin kai saƙo da ɗaukar fasinja, na san a irin wannan rana kuɗin aiki ke tashi, na kuma san wanda ake biya bisa awa ba ya samun komai idan an rufe wurin aiki. Amma ku duba takardar inshorar motarku tukun, da yawa ba sa biyan haɗarin da ya auku kana cikin aikin kai kaya.

Abin da ke kashe mutum cikin dare shi ne neman ɗumi ta hanyar da ba ta dace ba. Wuta ta ɗauke, yara na rawar sanyi, sai uba ya tuna da gawayin gashin nama da ke baranda ya shigo da shi falo. Wani ya kunna murhun gas ya bar shi a buɗe, wani ya tada mota cikin gareji a rufe don iyali su ji ɗumi su yi cajin waya, wani ya ajiye janareta dab da taga. Gidajen nan a toshe suke ruf, an gina su don kada sanyin na'ura ya fita, saboda haka iskar guba da ke fita daga ƙonewar gawayi da mai, wadda ake kira kabon monoksaid, ba ta da hanyar fita. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, sai barci. A wancan mako na 2021 ɗaruruwan mutane aka kwasa zuwa asibitoci a yankin Houston kaɗai saboda ita. Don Allah ku sayi ƙararrawar da ke gano wannan iska, mai aiki da batir, ku liƙa kusa da ɗakin kwana. Idan mutanen gida suka fara ciwon kai lokaci guda, a fita waje a kira 911, ba a tsaya shafa man zafi ba. Wanda gidansa ya yi sanyin da ba za a iya zama ba ya kira 211 a gaya masa wurin ɗumi mafi kusa.

A nan dole in yaba wa jama'armu. A wancan mako birnin Houston ya buɗe babban zauren taro na George R. Brown don masu neman mafaka, masallatai da coci-coci suka buɗe ƙofa, amma yawancin namu ba su kai can ba, domin duk wanda wutarsa ba ta ɗauke ba sai da ya cika gidansa. Na ga falo ɗaya, mata da yara a ɗakunan ciki, maza a jere a ƙasa kowa da bargonsa, wayoyi sun yi layi a jikin soket guda, wata baiwar Allah tana ta ɗora tukunya tana saukewa ba ta tambayi ko wane ne wane ba. Matasa masu manyan motoci suka riƙa zagayawa da jarkokin ruwa gidajen tsofaffi da masu jego. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya rubuta suna. Wannan hali namu ne, Allah ya bar mu da shi.

Sai dai zumunci ba ya gyara silin, ba ya kuma tsaya maka a gaban alƙali. Wahalar gaske tana farawa ne ranar da rana ta fito.

A gidaje da yawa na Texas bututun ruwa ta cikin rufi yake bi ko ta bangon waje, ba tare da an naɗe shi da komai ba. Ruwa idan ya daskare yana kumbura, sai bututun ya tsage, amma ba za ka sani ba domin ƙanƙarar ta toshe tsagin. Sai gari ya fara ɗumi. Nawa da rana tsaka ya faru, muna murnar wuta ta dawo. Na fara jin ɗis, ɗis a ɗakin yara, na ɗaga kai na ga silin ya yi ciki ya rino, fentin ya kumbura, kafin in janye katifa ya ɓarke gaba ɗaya, ruwa da farar ƙasar silin da audugar rufi suka zubo kan gado da akwatuna. Na kira ofishin masu kula da gidajen, wata ta ɗauka ta ce, "Mun ji, za mu turo mutum." Na sake kira, na je da ƙafata, kullum amsa ɗaya. Kafet ya fara wari, bango ya yi baƙi-baƙi, ƙaramar 'yata ta kama tari. Da wata ya ƙare na ce ba zan biya haya ba sai an gyara. Abin da na tarar a ƙofata takardar ba ni kwana 3 in tashi ce. Da na koma ofis manajan ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce, "Ba mu da wani rahoto daga gare ka a rubuce."

Wannan hanya nake ganin sababbin zuwa suna bi ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ka yi magana sai a ce maka, "Ai na kira su," ko "Ai matar ofis ɗin tana da kirki, mun saba." Kirkinta ba ya cikin fayil. A ƙasar nan abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Dokar haya ta Texas, babi na 92 na dokar kadarori, ta ɗora wa mai gida gyara duk abin da ke barazana ga lafiya ko tsaron ɗan haya, amma da sharuɗɗa. Na farko, ka sanar da shi, kuma a lokacin da ka sanar kada ya kasance yana bin ka kuɗin haya. Wato riƙe haya don a matsa masa, abin da hankali ke ba mutum, shi ne ke zubar maka da haƙƙinka ya kuma ba shi hujjar kai ka kotu. Shari'ar tashi kuwa idan ta shiga tarihinka, duk inda ka je neman haya za ta riga ka isa. Na biyu, yadda ka sanar yana da muhimmanci. Idan ka aika takarda ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu a dawo maka da shaidar an karɓa, sau ɗaya ya isa. Idan da baki ne ko ta hanyar da ba a iya bin sawun isarta, sai ka sake aika ta biyu a rubuce kafin doka ta fara lissafi. Doka na ɗaukar kwana 7 a matsayin lokacin da ya dace a yi gyara, ko da yake bayan babban bala'i mai gida na iya kawo uzurin rashin ma'aikata, kuma idan ɓarnar tana ƙarƙashin inshorarsa, lissafin ba ya farawa sai kuɗin inshorar ya shigo hannunsa. Idan gidan ya lalace har ba ya zaunuwa sam, kuma ba kai ka jawo ba, kana da damar soke yarjejeniyar a rubuce kafin a gama gyara. Ba a kuma yarda mai gida ya rama ba, ta hanyar ƙara maka haya ko korarka, don ka nemi gyara bisa ƙa'ida.

Saboda haka tun kafin ka taɓa tsumma, ɗauki hoto da bidiyo. Silin, bango, kafet, katifa, talabijin, komai. Rubuta takardar da kwanan wata da lambar gida, ka faɗi abin da ya lalace da yadda yake cutar da lafiya, ka ajiye kwafi. Biya hayarka a kan lokaci ko ranka na ƙuna, ka riƙe rasit.

Akwai kuma abin da ke ɓoye cikin takardar hayar da yawancinmu ke sa wa hannu a tsaye, cikin ɗokin karɓar makulli. Takardu da yawa suna da sakin layi a kan lokacin daskarewa: ka bar hita a kunne, ka buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu, wasu su ce ka bar famfo na ɗiga. Idan ba ka yi ba, bututu ya fashe, kai za a bi kuɗin gyara, har da na maƙwabcin da ke ƙasanka. Masu tafiya ganin gida a Disamba da Janairu, ku ne wannan ya fi shafa, ku da kuke kashe komai don kada mita ta ci kuɗi. Bar hita a ƙasa-ƙasa, ka ba wani amintacce makulli. Zancen ɗigar famfo kuwa birane sun saɓa: wasu na cewa a yi, hukumar ruwan Houston ta sha roƙon a bari saboda yana rage ƙarfin ruwan gari. Ka tambayi ofis abin da suke so, su ba ka amsa a rubuce. Ka kuma sa a nuna maka inda ake kashe ruwan gidan tun ranar da ka tare, domin minti goma na neman makunni cikin duhu ya isa ya cika ɗaki.

Kayanka fa? Inshorar mai gida ginin take karewa, ba ruwanta da katifarka. Taka daban ce, inshorar ɗan haya, wadda sau da yawa ba ta kai dala 30 a wata ba. A nan ma a lura: wasu gidajen suna tilasta maka wata inshora suna haɗa kuɗin cikin haya, sai mutum ya saki jiki, alhali ɓarnar da kai ka yi wa ginin kawai take biya. Tambayi a fili ko ta haɗa da kayanka, da kuɗin masauki idan gidan ya ƙi zaunuwa. Fasfo, takardun zama, takardun haihuwar yara da na makaranta kuma a sa su cikin leda mai zif a ɗora a sama, ba cikin akwatin ƙarƙashin gado ba. Sake samun takardar zama da ta jiƙe ta lalace kuɗi ne da jiran watanni.

Wuta da ruwa, a taƙaice. Layin wutar yawancin Texas a ware yake daga na sauran Amurka, shi ya sa da rijiyoyin gas da tashoshin wuta suka daskare a 2021 ba a iya jawo isasshiyar wuta daga maƙwabta ba. Farashin sari ya kai dala 9,000 kan kowace megawat a awa, masu tsarin da ke bin farashin sari suka ga takardar dubban daloli. An hana sayar wa gidaje irin wannan tsari daga baya, amma har yanzu akwai mai hawa da sauka, don haka zaɓi tsayayyen farashi. Idan aka yi hasashen daskarewa, cika bahon wanka da ruwa don ban ɗaki da alwala, ka tanadi na sha daban. Idan hukuma ta ce a tafasa ruwa, a bar shi yana tafasa minti 2, har na wanke baki.

Idan daga ƙarshe ka yanke shawarar barin gidan, ba mai gida sabon adireshinka a rubuce. Daga ranar da ka bar gidan yana da kwana 30 ya dawo maka da kuɗin ajiyarka, ko ya ba ka jerin abin da ya cire da dalili. Kada ka yarda a cire maka kuɗin kafet ɗin da ruwan silin ya ɓata, hotunan da ka ɗauka ranar farko su ne shaidarka. Idan ya ƙi, ƙaramar kotun yankinku tana sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba, ba sai da lauya ba, kuma kana iya neman tafinta tun lokacin shigar da ƙara. Wanda bai riga ya sa hannu a takardar haya ba kuwa, ya kawo ta wani cikin waɗanda suka daɗe a nan ya karanta masa ita shafi-shafi, har ƙananan rubutun da ke bayan shafin ƙarshe.