Kurakuran da ke cinye kuɗin mai sayen madubin hangen taurari

Na gaji da ganin mutum ya yi wata da watanni yana tari, ya sayo madubin hangen taurari, bayan mako biyu ya jingine shi bayan ƙofa yana cewa ashe duk talla ce. Kusan kullum kurakuran iri ɗaya ne, kuma tun a wurin saye ake tafka su.

Wanda ya fi yawa shi ne ruɗuwa da lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wai yana ƙara girman abu sau 525 ko sau 675. Kwalin da ka ga haka a jikinsa, mayar da shi inda ka ɗauko. Aikin madubi tattara haske ne, faɗinsa ne ke yanke iya abin da za ka gani. Masu harkar kan ninka faɗin madubi na milimita sau biyu, abin da ya fito shi ne iyakar ƙarin girman da zai amfane ka. Mai faɗin milimita 114 ba ya wuce sau 230, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Ka zarce haka, duniyar Zuhal (Saturn) ta koma dunƙulen haske mai dishi-dishi, ta sulale daga idonka kafin ka saita ta. Ƙarin girman ma kai ke zaɓarsa da ɗan gilashin da kake kanga ido a kai, wato gilashin ido: ka raba nisan tattara hasken madubin (tazarar da haske ke ci kafin ya haɗu wuri guda) da na gilashin. Madubi mai milimita 1200 da gilashi mai 25 sau 48 ke nan, kuma ko a nan za ka ga zoben Zuhal ƙarami amma tsaf, ga watannin duniyar Mushtari (Jupiter) huɗu a jere. Ka sa mai 10, ka sami sau 120. Ni dai a tsakanin nan nake kwana galibi. Don haka faɗi za ka fara tambaya, domin madubin 150 ya fi na 114 tattara haske da sama da kashi 70 cikin ɗari.

Sai wanda ya ci kuɗina, wanda har yau in na ga ana tallarsa ga yara raina ke ɓaci. Gajeren bututu ne mai kyan gani, tsawonsa bai fi rabin mita ba, amma takardarsa ta ce nisan tattara haskensa milimita 1000 ne. Ta yaya hanyar haske mai tsawon mita guda za ta shiga bututun rabin mita? Wayo aka yi. An sa madubi mai lanƙwasar ƙwallo, wanda ya fi sauƙin gogewa da araha, sannan aka cusa ƙaramin gilashi a cikin maƙogwaron da ake saka gilashin ido don ya rufe aibinsa. Ana kiran wannan ƙira Bird-Jones, kuma a kayan araha ba kasafai ake yinta da kyau ba. Na sha kwana ina murɗa kusoshin daidaita madubi da ke bayan bututun, tauraro ya ƙi zama ɗigo, sai dai ya yi wutsiya gefe guda. Na zargi hannuna, na zargi idona, har ranar da na zare gilashin ido na haska tocila ciki, na ga ɗan gilashin nan a maƙale. Kai ma ka leƙa kafin ka biya. In bututu gajere ne, dole madubin ya zama na farabola, lanƙwasar da ke tara haske a ɗigo ɗaya ba tare da ƙarin gilashi ba, ka tambaya a nuna maka a rubuce. In mai sayarwa ya fara kame-kame, kama gabanka. Madubin ƙwallo ba ya yin aiki sai a dogon bututu, kamar mai faɗin 114 da nisan 900.

Mazauni kuma, wato abin da ake ɗora bututun a kai, mutane ba sa ko kallonsa, alhali madubi mai kyau a kan siraran ƙafafu asara ce. Ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa kana leƙe. Idan hoton ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku yana rawa, haka za ka yi ta fama duk dare. Kada tarin nauyin ƙarfe da igiyoyin murɗawa su burge ka, irin wannan mazauni sai an saita shi da tauraron arewa, sabon shiga kuwa nan yake sarewa. Ni shawarata kullum mazaunin Dobson ne, akwatin katako da John Dobson ya yaɗa a San Francisco tun shekarun 1960. Ka ajiye a ƙasa, ka tura da hannu, kuɗinka ya tafi a madubi. Mai faɗin 150 ko 200 in da hali, in babu, ƙaramin mai 130 da ake ɗorawa a kan tebur, muddin teburin ba ya girgiza.

Gilashin ido mai alamar H ko SR tarkace ne, nemi Plössl, kuma ramin ya zama inci 1.25. Na'urar da ke nemo taurari da kanta tana cin rabin kuɗin da ya kamata madubi ya ci. Hotunan launi na jikin kwali kyamara ce ta ɗauka, ido toka-toka zai ga gajimaren taurari. Abin da ba za ka iya kinkima kai kaɗai ba, ba zai riƙa fita waje ba. Fitar da shi rabin awa kafin kallo don madubin ya huce, ka kuma koyi daidaita madubai biyun da ke cikin bututun, babba da ƙarami, tun makon farko.

Idan a cikin kwali ka tarar da baƙin gilashin kallon rana da ake ɗaurawa a gilashin ido, jefar da shi a take. Zafi na fasa shi, makanta kuwa ba ta jira.

Na hannu yakan fi riba in ka iya dubawa. Ciro madubin, ka haska fitila ta bayansa. 'Yan ɗigogin haske ba komai, amma in haske na ratsowa faci-faci, rufin alminiyon da ke fuskar madubin ya ci. Ƙura kaɗan ba ta hana gani, sai dai in ka ga zane-zanen goge, mai shi ya sa masa tsumma, ka rage tayi sosai ko ka bar masa.