Yadda Za Ka Yi Nazarin Zane-zanen Van Gogh Kana Zaune a Zariya

Yawancin waɗanda suka san sunan Vincent van Gogh a wajenmu sun san shi ne ta ƙofa biyu: labarin kunnensa da ya yanke, da hoton nan na sararin sama mai murɗe-murɗe da ake gani a bayan wayoyi da jikin riguna. Babu ɗaya daga cikinsu da ke koya wa mutum kallon zane. Ɗan ƙasar Holan ne, an haife shi a 1853, bai riƙi zane a matsayin sana'a ba sai da ya kai shekara 27, ya kuma rasu a 1890 yana da shekara 37, amma a cikin shekara goman nan ya bar zane kusan 860 na fentin mai, ban da na alƙalami da fensir fiye da dubu. Fitattun cikinsu suna rataye a Amstadam da Faris da Landan da Niyok, inda kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa takawa. Duk da haka ɗalibin Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ko mai ɗinkin riga a cikin birni, ko wanda sha'awa kawai ta ja shi, zai iya fahimtar aikin wannan mutum sosai, muddin ya yarda ya yi kallon a hankali, ya kuma sa hannunsa a ciki.

Ka fara da gyara abin da za ka yi kallon da shi. Kada ka dogara da hotunan da ake yawo da su a WhatsApp da Facebook, domin an matse su, an kuma ƙara musu launi har sun bar asalinsu. Shafin Gidan Zanen Van Gogh na Amstadam, wanda ke riƙe da zanensa na fenti kusan 200, yana ba da damar a jawo hoto kusa, haka ma manhajar Google Arts & Culture. Kwamfuta ta fi waya, ko da ta aro ce. Idan waya ce kawai a hannu, ka kashe tsarin nan na kare ido da dare, wanda ke sa fuskarta ta yi rawaya-rawaya, domin ga mai zanen da rabin maganarsa ke tsakanin shuɗi da rawaya, wannan tsari yana lalata komai. Buga hoton a takarda ma yana da nasa hatsarin. Na taɓa kai zanen dare guda wani shagon buga takardu, aka miƙo mini shi samaniyar ta koma kore kamar gansakuka, saboda tawadar injin ta kusa ƙarewa.

Bayan haka ka nemi girman zanen, wanda gidajen adana zane ke rubutawa a ƙarƙashin kowane hoto, ka ɗauki tef na awo da alli ka fitar da shi a jikin bango. Zanen dare mai taurari, wanda za ka samu a intanet da sunan The Starry Night, santimita 74 ne a tsaye, 92 a kwance, wato bai kai mita ɗaya ba ta kowace fuska. Wanda ya tsaya gaban wannan shaci zai gane cewa kowane shafin buroshi motsin wuyan hannu ne, gajere, kuma an yi dubbansa.

Ka bi zane-zanen bisa jerin shekarunsu, kada ka faro daga wanda ya fi suna. Na farko da ya cancanci zama a kansa shi ne Masu Cin Dankali, wanda ya yi a 1885 a ƙauyen Nuenen. Mutum biyar ne, manoma, sun kewaye ƙaramin tebur a ƙarƙashin fitilar mai, akushin dankalin turawa a gabansu, wata mata tana zuba gahawa, yarinya guda ta ba mai kallo baya. Launin duka duhu ne, ruwan ƙasa da kore mai dushi-dushi, kuma da gangan ya yi haka, domin ya so fuskokinsu su yi kama da dankalin da ba a fere ba, da ƙurarsa. Ka dubi yatsunsu masu ƙulle-ƙulle, ka kuma bi hasken fitilar ka ga inda ya sauka da inda ya kasa kaiwa. Wanda ya taɓa cin tuwon dare a ƙauye da aci-bal-bal zai gane wannan haske nan take. Kafin ya yi wannan zane sai da ya shafe lokacin sanyi yana zana kawunan manoma, gomomi, abin da ke nuna cewa mutumin mai naci ne tun kafin launi ya shigo aikinsa.

Launin ya shigo ne a Faris, inda ya zauna da ƙanensa Theo, dillalin zane wanda ya ɗauki nauyinsa har ƙarshen rayuwarsa, daga 1886 zuwa farkon 1888. A can ya ga aikin masu zanen da ake kira 'yan Imfireshan, waɗanda ke fita fili su kama haske kamar yadda ido ya gan shi a lokacin, ya kuma tara bugaggun zane-zanen Japan. Ya isa ka ajiye hotunan kansa biyu ko uku na wannan lokaci kusa da juna, ka ga yadda duhun ke yayewa.

Darasin da ya fi amfani a nan shi ne na launuka masu kishiya: shuɗi da ruwan goro, ja da kore, rawaya da shunayya. Idan aka ajiye su gefe da gefe, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, idan kuma aka gauraya su sai su mutu su koma ruwan toka. Van Gogh yana da wani ɗan jan akwati cike da ƙulle-ƙullen zaren ulu, wanda yake murɗa kala biyu ko uku tare ya gwada su kafin ya taɓa fenti mai tsada, kuma akwatin yana nan a Amstadam. A garin da ɗinkin hannu na riga da hula ya zama gado, wannan gwaji ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sayi zare kala shida a kasuwar Sabon Gari, ko ka roƙi guntaye a wajen maɗinki, ka murɗa su bibbiyu, ka ja da baya taku uku ka duba. Sannan ka buɗe zanen farfajiyar gidan shan gahawa da dare, wanda ya yi a garin Arles na kudancin Faransa a Satumban 1888. Hasken fitilar gas rawaya ne mai zafi, samaniya shuɗiya ce, kuma ya rubuta wa ƙanwarsa cewa ya zana dare ba tare da baƙin launi ba. Ka rufe ɓangaren rawayan da tafin hannunka, za ka ga shuɗin ya yi sanyi. Ka ɗauke hannun, sai ya sake kamawa.

Furannin kallon-rana, wato sanfulawa, darasi ne na daban, domin a nan kusan launi ɗaya ya yi amfani da shi. Ya zana huɗu a watan Agustan 1888 don ƙawata ɗakin da abokinsa Paul Gauguin zai sauka, ya sake maimaita wasu a Janairun 1889, shi ya sa ake samun su a Landan da Miyunik da Amstadam da Tokiyo da Filadelfiya. Ka ɗauki na Landan, inda furen da tulun da teburin da bangon duk rawaya ne, ka ƙirga irin rawaya nawa idonka zai iya rarrabewa. Ka lura da siririn shuɗin layin da ya raba tebur da bango, da sunan Vincent da ya rubuta a jikin tulun. Furannin kuma ba tsara ɗaya ba ne, wasu sun buɗe, wasu sun sunkuya sun zubar da ganye, saura kan iri da aka tula wa fenti har ya yi tudu. Sai dai ka sani cewa launin da kake gani yau ba lallai ne shi ya bar hannunsa ba. Wani nau'in rawayan da ya yi amfani da shi yana duhu idan haske ya daɗe yana dukansa, jan kuma yana koɗewa. Bangon zanen ɗakin kwanansa, wanda ya ce wa Theo shunayya ne mai haske, yanzu shuɗi yake, saboda jan da ke cikin haɗin ya gudu. Wasiƙunsa, waɗanda fiye da 600 daga cikinsu ya rubuta su ne ga Theo, suna intanet kyauta da fassarar Ingilishi, kuma karanta ta ranar da aka yi zane kafin kallonsa yana warware irin wannan ruɗu.

Yanzu ne lokacin dare mai taurari ya yi. Ya zana shi a Yunin 1889 a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy a kudancin Faransa, inda ya kai kansa a watan Mayu, kuma yana Gidan Zanen Zamani na Niyok tun 1941. Tagar ɗakinsa gabas take kallo, ya kuma gaya wa Theo cewa ya ga karkara tun kafin fitowar rana, babu komai a sama sai gamzaki, wanda ya yi girma ƙwarai. Shi ne farin tauraron nan babba da ke kusa da doguwar bishiyar da ta tashi kamar harshen wuta a hagu. Ƙauyen da ke ƙasa ba a hango shi haka daga tagar, ƙari ne daga kansa, kuma tsinin cocin ya fi kama da na ƙasarsu Holan. Ka ba zanen minti ashirin. A biyar na farko ka bar ido ya je inda ya ga dama, ka lura da hanyar da ya bi. Daga nan ka jawo hoton kusa, ka zaɓi murɗi guda ka bi shi da ɗan yatsa, za ka tarar ba layi ɗaya ba ne, gajerun shafi ne a jere kamar ɗinkin hula, shuɗi mai duhu kusa da mai haske kusa da fari, ba a murje su sun haɗe ba. Kewaye da kowane tauraro, goma sha ɗaya ne idan ka ƙirga, shafin yana zagayawa. A jikin bishiyar yana hawa sama. A kan tsaunuka yana gangarawa. A gidajen ƙauyen kuma ya zama miƙaƙƙe, an kewaye shi da layi mai duhu. A wasu wurare ma za ka hango zaren yadin da fenti bai rufe ba.

Ana yawan cewa wannan murɗe-murɗe hauka ne ya fito fili. Ni ban yarda da wannan karatu ba. Idan ciwon ya taso masa aikin tsayawa yake yi, wani lokaci na makonni, kuma zane-zanen da muke yabo an yi su ne a tsakanin tasowar ciwon, lokacin da hankalinsa ke jikinsa. Wanda ya gwada kwaikwayon murɗi ɗaya zai ga irin lissafin da ke ciki.

Gwajin farko ba ya buƙatar fenti. A Arles, Van Gogh yakan yanko kara ya feƙe shi ya yi alƙalami, irin dai wanda almajiri ke rubuta allo da shi, ya zana gonaki da duwatsu da ɗige-ɗige da gajerun layuka kawai. Ka nemi zanensa na alƙalami na 1888 ka duba, sannan ka samo alƙalamin kara da tawada da takarda mai kauri, ka kwafi kusurwa ɗaya ta dare mai taurari, gwargwadon tafin hannu, ba tare da ka yi inuwa ta hanyar shafe wuri ba. Duhu zai fito daga cunkoson layuka, haske kuma daga tazararsu. Kwafi ba abin kunya ba ne a wajen mai koyo. Shi kansa a asibiti ya kwafi ayyukan wani mai zanen Faransa, Millet, kusan ashirin daga bugaggun hotuna marasa launi, yana sa musu nasa launin. Wanda kuma yake kauce wa zana mai rai saboda addini ba zai rasa abin yi ba, domin furanni da gonakin alkama da kujera da tsofaffin takalma sun cika aikin mutumin.

Idan ka zo kan fenti, na mai shi ne asali amma yana da tsada, kuma yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba. Na akirilik ya fi sauƙi, sai dai a lokacin hunturu yana bushewa a kan faranti kafin ka gama haɗi, don haka ka riƙa matso shi kaɗan-kaɗan, ka ajiye ruwa a kusa. Guntun katakon silin da aka shafa wa farin fentin bango gauraye da gam sau biyu zai maye gurbin yadin zane. Ka yi amfani da buroshi mai tauri, ka ɗebo fenti da yawa, ka ajiye shafi ɗaya ka ɗaga hannu. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne komawa kan shafin don a gyara shi, abin da ke haɗe launukan ya mai da su taɓo.

Bayan kwafi biyu ko uku, ka bar hotunansa ka fita. Ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun tsaya ne a kan cewa a ɗauki dabarar waje a yi aikin gida da ita, kuma wannan hanya ta dace da abin da ke gabanka. Rimi zai iya tsayawa inda doguwar bishiyarsa ta tsaya, Dutsen Kufena a madadin tsaunukansa, teburin mai shayi a Samaru da ƙwan fitilarsa bayan isha'i a madadin farfajiyar Arles. Ka nemi izinin mai shayin, ka zauna tsallaken titi, ka yi shacin farko da fensir, ka rubuta a gefe launi biyu masu kishiya da za ka gina zanen a kansu, ka kuma haramta wa kanka baƙin fenti a wannan karon. In da fentin mai ka yi, ka jingina katakon fuskarsa na kallon bango, da 'yar tazara, a ɗakin da ba a yawan buɗewa, domin ƙurar hunturu in ta hau ɗanyen fenti ba ta sauka.