Yadda Za Ka Koyi Auna Fahimtar Ɗalibai Tun Kana Kwalejin Ilimi

Malami ya gama darasi ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane!" Wannan amsa ba ta nuna komai. Idan kana karatun NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, tun kafin a tura ka koyarwar gwaji ka koyi hanyar rarrabe wanda ya gane da wanda ya bi yarima a sha kiɗa.

Da farko, rubuta manufar darasinka ta yadda ido zai iya ganin cikarta. "Yara su fahimci lissafi" ba ta aunuwa. "Yaro ya iya tara 1/2 da 1/4" tana aunuwa.

Na biyu, kuma nan ne ya fi cancanta ka daɗe, ka riƙa aunawa ana cikin darasin. Jefa tambaya, ka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ka kira suna. In ka fara kiran suna, sauran sun huta da tunani. Kada ka tsaya kan 'yan gaba masu ɗaga hannu. A aji mai cunkoso, sa kowa ya rubuta amsa a takarda, su ɗaga tare. Ka fi zuba ido kan amsar da ba daidai ba. Yaron da aka ce ya tara 1/2 da 1/4 ya rubuta 2/6 maimakon 3/4 ba shirme ya yi ba: ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ka ga ke nan ya nuna maka inda za ka gyara.

Na uku, kafin ka tsara gwaji zana jadawali: darussa a gefe, irin tunanin da ake nema a sama. Rabe-raben tunani da masanin ilimi Benjamin Bloom ya fitar a 1956, masu matakai shida, za su taimaka maka, don kada tambayoyinka duka su zama na hadda.

Na huɗu, rubuta amsoshi da rabon maki kafin ka buɗe takardar kowa. Duba tambaya ta ɗaya a duk takardun, sannan ka koma ta biyu. Hakan na hana kyawun rubutu ko sanayya su ja hannunka.

Sai batun C.A., wato auna ɗalibai a kai a kai cikin zango, wadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba muhimmanci a Najeriya. Makarantu da yawa kan ware mata maki 30 ko 40 cikin 100. Amana ce. Malamin da ya zauna ƙarshen zango yana cike gurbi da makin da ya ƙirƙiro da ka ya zalunci yaran. Rubuta kowane maki ranar da aka yi aikin.

Bayan ka gama dubawa, ƙirga tambayar da ta kayar da mafi yawan aji. Kai ta wurin malamin da ke kula da kai, ku duba tare ko tambayar ce ta rikice ko darasin ne bai shiga ba. In darasin ne, sake shi da wani misali kafin ka wuce gaba.