Yadda ake yaye ƙwaƙwalwa daga soyayyar da ta ƙare

Ranar da aka rabu, baki ne ya yanke hukunci, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta samu labari ba tukuna. A 2010 Helen Fisher da abokan aikinta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 15 da masoyansu suka guje su. Da aka nuna musu hoton wanda ya tafi, sai sashen da ke fitar da sinadarin dofamin ya motsa, tare da wuraren da ke tashi a ƙwaƙwalwar mai ƙishirwar hodar iblis. Sun kuma ga cewa yawan kwanakin da suka wuce bayan rabuwa, yawan lafawar sashen shaƙuwa. Ke nan abin yana raguwa da kansa, muddin ba a ci gaba da ciyar da shi ba.

Aikin farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne toshe hanyoyin tuni. Dofamin sinadarin sa rai ne, kuma ya fi tashi idan ba a da tabbacin samu. Shi ya sa leƙa WhatsApp don ganin ko tsohuwar masoyiyarka tana kan layi ya fi cutarwa fiye da yadda ake zato: sau tara ba komai, na goma ka ga sabon hoto, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa leƙen yana biya. Goge lambar, ko ka ba wani amini ya ajiye. Daina bin shafinta a Facebook da Instagram, ka kwashe hotuna da tsofaffin saƙonnin murya daga wayar. Turaren da ta ba ka ma a kyautar, domin ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa wuraren tuni da motsin rai. Ɗauki wata guda cur ba kira ba saƙo, idan ya cika ka ƙara wani. In akwai 'ya'ya a tsakani, a tsayar da rana da lokacin magana, a taƙaita ta ga makaranta da abinci da lafiya, ko a bi ta hannun wani babba a dangi. Wannan duk daidai yake ga mace da namiji.

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, da sunan “bari in gaishe ta kawai” ko “mu zama abokai”. Abota tana iya yiwuwa daga baya. A makonnin farko dai dabara ce ta ƙwaƙwalwa don samun ɗan abin da ta saba.

Sai jiki. Zama da mutum yana gina shaƙuwa ta hanyar sinadarin oksitosin, kuma idan aka yanke ta, sinadarin damuwa kotisol yana hawa, barci ya lalace, abinci ya fita kai. Kwanta ka tashi a lokaci ɗaya kullum, ka nemi awa 7 zuwa 9. Bar shayi da kofi da goro daga la'asar, domin rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan kusan awa 5. Yi tafiya mai sauri ta minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Kada ka ci abinci kai kaɗai in akwai hali. Shiga majalisa ko cikin 'yan'uwa ko da ba ka jin hira.

Zafin da kake ji ba raki ba ne. A 2011 Ethan Kross na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa tuna wanda ya guje ka yana motsa wasu wuraren da zafin ƙuna ke motsawa. Haɗarin yana nan: tiramadol da kodin suna danne wannan zafi na ɗan lokaci, sai mutum ya fita daga wata jaraba ya faɗa wadda ta fi ta. Tiramadol da yawa har jijjiga yake jawowa.

Tunanin da ke kai-komo fa? Wata mai bincike, Sandra Langeslag, ta gwada dabaru a kan mutum 24 a 2018. Tuna munanan halayen wanda ya tafi ya rage so, amma ya ɓata rai. Karkatar da hankali ga wani abu ya gyara rai, sai dai bai taɓa son ba. Don haka a haɗa su: rubuta abubuwan da suka dame ka a zaman, na gaskiya ba ƙage ba, ka karanta na minti goma idan begen ya taso, sannan nan take ka tashi zuwa aikin da ke cin hankali, kamar hadda ko ƙwallo ko koyon sana'a. Kada ka yi karatun a kan gado. Kuma takardar taka ce, ba ta yawo da sunan 'yar mutane ba.

Idan baƙin ciki da rashin jin daɗin komai suka kai mako biyu kusan kullum, har aiki ya gagara, wannan ya zama na likita, a je asibiti. Tunanin kashe kai ba a jira da shi ko kwana ɗaya. A faɗa wa wani na kusa, a tafi tare. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi bayan mummunan labari su ma na gaggawa ne. Akwai ciwon da likitocin Japan suka bayyana a 1990, takotsubo, inda ambaliyar sinadaran firgici ke raunana tsokar zuciya. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma ba a bambanta shi da toshewar jijiyar zuciya sai da gwaji.