Yadda ake gano inda FreeSurfer ta kuskure wajen auna sassan ƙwaƙwalwa

Ka bar kwamfuta tana aiki dare guda, da safe ka buɗe aseg.stats, fayil ɗin da FreeSurfer ke jera awon sassan ƙwaƙwalwa daga hoton MRI, sai ka tarar hifokamfas (sashen da ke da alaƙa da tuna abubuwa) na hagu bai kai rabin na dama ba. Kada ka yi saurin cewa ƙwaƙwalwar majiyyaci ta tsotse, tuhumi manhajar tukuna. FreeSurfer, wadda aka ƙirƙira a Cibiyar Martinos ta Babban Asibitin Massachusetts a Amurka, tana fitar da lambobi ko da ta shata iyakokin ba daidai ba, kuma ba za ta ce maka uffan ba.

Fara da layin ƙarshe na recon-all.log, wato rahoton recon-all, umarnin da ke gudanar da dukkan aikin FreeSurfer, ka tabbatar aikin ya kai ƙarshe. Wannan minti ɗaya ne.

Daga nan koma kan ainihin hoton MRI. Abin da recon-all ke so shi ne hoton T1 (nau'in MRI da ke nuna farin ɓangaren ƙwaƙwalwa da haske) mai yanka kusan milimita 1 ta kowace fuska. Hoton asibiti mai kaurin milimita 5 ba abincinta ba ne. Irin wannan hoton manhajar SynthSeg ake bai wa, wadda ke zuwa cikin sababbin fitowar FreeSurfer. In ka ga zobba-zobba a hoton kamar an jefa dutse a tafki, majiyyaci ya motsa kai ne, kuma babu gyaran da ya kai a sake ɗauka. Duba kuma ko hagu da dama sun juye lokacin da aka mayar da hoton daga tsarin fayil na DICOM zuwa na NIfTI.

Na uku, daidaitawar Talairach, wato daidaita hoton da taswirar ƙwaƙwalwa ta gama-gari. Mutane na tsallake ta, alhali daga ita ake ƙiyasta faɗin cikin ƙoƙon kai, wato eTIV, wanda da shi ake raba sauran awo don kwatanta mai babban kai da mai ƙarami. In ta karkace, duk lissafin ya bi ta.

Yanzu sai aikin ido, kuma nan ne lokaci ke tafiya. Buɗe brainmask.mgz (hoton ƙwaƙwalwa bayan cire ƙoƙon kai) a Freeview, manhajar duba hoto ta FreeSurfer, ka ɗora layukan white (iyakar farin ɓangaren ƙwaƙwalwa) da pial (iyakar wajen ƙwaƙwalwa) a kai, ka bi yanka bayan yanka. Abu biyu kake nema: ko an gutsure ƙwaƙwalwa wajen cire ƙoƙon kai, galibi ta ƙeya, ko an bar tantanin da ke lulluɓe ta har layin pial ya haɗiye shi. In an gutsure, a fitowa ta 6 ko ta 7, ɗaga -wsthresh (ma'aunin cire ƙoƙon kai) daga 25 zuwa wajen 35, ka sake cirewar. In tantani ne ya rage, goge shi da hannu, amma inda ya shiga cikin layin kaɗai. Wanda ke waje ba ruwanka da shi.

Sai farin ɓangaren ƙwaƙwalwa. Manhajar tana daidaita haskensa ya zama 110. A wuraren da hoton ya dushe, musamman ƙasa daura da kunnuwa, za ka ɗora manuni a kan zare fari ƙarara ka ga 90, layin kuma ya bar shi a waje. Nan ake sa ɗigon nuni (control points) da ke gaya wa manhajar cewa wurin fari ne, sannan a maimaita da -autorecon2-cp -autorecon3. Ni dai ɗigo kaɗan nake sawa, a tsakiyar farin. Wanda ya sa su a baki-baki ko a kan ɓangaren mai ruwan toka, hasken wurin zai tashi, layin ya kumbura, a bar jaki a koma dukan taiki. A hoton tsofaffi kuwa, tabon da ke cikin farin yakan fito duhu a T1 har a ɗauke shi rami. Wannan a wm.mgz, fayil ɗin farin ɓangaren, ake cike shi, a bi da -autorecon2-wm.

Bayan gyara, buɗe aseg.mgz, inda kowane sashe ke da nasa launi, ka ga ko launin hifokamfas ya zauna kan hifokamfas ɗin, bai zubo cikin kogon ruwan da ke gefensa ba. Rubuta abin da ka taɓa a kan kowane hoto. Kuma duk hotunan bincike ɗaya a bi da su ta fitowa ɗaya: in ka auna rabi da 6.0, rabi da 7, sai ka sake gudanar da rukunin farko gaba ɗaya kafin ka kwatanta.