Yadda ake shirya inji don tseren mita 402, da yadda za ka san dawakinsa

Wani yaro ya kawo mini Honda Accord ƙirar 2003, wadda muke kira End of Discussion, a garejina da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Ya yanke salansa, tun daga kwana ake jin tahowarsa. Ya ce, "Baba, yanzu ta kai doki 200, so nake a ƙara." Doki a nan ma'aunin ƙarfin inji ne. Na tambaye shi wa ya auna masa, ya yi shiru. Injin nan mai lita 2.4 da doki 160 ya baro kamfani, ga shi kuma ya haura shekara ashirin yana aiki. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar tsere, da awo nake fara masa kafin in ɗauki sifana.

Irin tseren da ake nufi na miƙe ne: mota ta tashi daga tsaye ta cinye rubu'in mil, wato mita 402, kamar yadda Amurkawa suka saba yi. Sai ka samu wuri rufaffe, mai kwalta, da izinin masu shi, kuma a bar aƙalla wani tsawon kamar wannan a gaba don taka birki. Kada ka gwada a hanyar Jibiya ko ta Daura. Akwai 'yan Keke Napep, akwai yara 'yan talla, akwai awaki, kuma motar da ke gudun kilomita 130 ba ta tsayawa nan take.

Abu biyu kake bukata. Na farko nauyin motar da kai a ciki, wanda za ka samu a sikelin auna manyan motoci, ko ka duba littafin motar ka haɗa da nauyinka. Na biyu gudun da take yi daidai lokacin da ta tsallake layin ƙarshe. Wannan da manhajar GPS ta waya za ka ɗauke shi, domin mitar da ke gaban sitiyari takan yi ƙari. Yi gudu huɗu, biyu ka fuskanci iska, biyu ka ba ta baya, ka ɗauki matsakaicinsu.

Lissafin na wani Ba'amurke ne, Patrick Hale, na mayar da shi kilo da kilomita don sauƙinmu. Ninka nauyi da 2.2. Raba gudu da 377, abin da ya fito ka ninka shi da kansa, ka sake ninkawa da shi. Sai ka ninka amsoshin biyu. Motar yaron nan da shi a ciki kilo 1,450 ce, sau 2.2 ya ba mu 3,190. Ta tsallake layi da kilomita 132, a raba da 377 ya zama 0.35, kuma 0.35 sau 0.35 sau 0.35 ya ba da 0.0429. Da muka ninka su, doki 137 muka samu. Ƙiyasi ne, zai iya kaucewa kaɗan, amma in ka riƙe hanya ɗaya kafin gyara da bayan gyara zai nuna maka gaskiyar abin da ka ƙaru da shi. Na fi yarda da gudu a kan daƙiƙoƙi, saboda in taya ta yi ta juyawa a banza wurin tashi lokaci yana lalacewa sosai, gudun ƙarshe kuwa kaɗan yake canzawa.

Ka kuma san inda kake. Katsina tana kan tudu kusan mita 500 daga teku, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300. Kenan tun kafin komai kusan doki 8 sun tafi daga 160 ɗin nan. Zafin Afrilu kuma ya ƙara cin nasa, domin iska mai zafi ba ta da nauyi. Awo da sassafe ya fi.

Yanzu gyara. Fara da gejin kwamfireshan, inji da ɗuminsa, totur a buɗe. Silinda huɗun kada su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In ta tashi, zoben fistin ne ya cinye. In ba ta tashi ba, ka nemi bawul ko gaskit. Injin da ya faɗi wannan jarrabawa ba na barin a yi tsere da shi ko nawa za a biya ni.

In ya ci, sai a saita bawul, a sa fulogi irin wanda kamfani ya rubuta, a wanke nozul, a auna ƙarfin famfon mai. A nan nake daɗewa, domin yunwar fetur na iya ƙona inji. A tafiyar yau da kullum inji na haɗa iska 14.7 da fetur 1, amma in an take totur har ƙasa yana son wajen 12.5 zuwa 13. In famfo ya gaji, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, kan fistin ya narke. Fetur ma a gidan mai za ka sha, ban da na bumburutu. In man bai da kyau za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, birenbos, wato kwamfutar motar, ya ja tayimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya don ya ceci injin, ƙarfi ya ragu.

Matatar iska ta zama sabuwa, kuma kada ka cire ta, musamman a hunturu, ƙurarmu tana cin silinda kamar sanfefa. Masu sa matata mai kan mazurari kusa da inji iska mai zafi suke ba shi, gara akwatin asali da ke jawo iska daga gaba. Duba indomin da ke cikin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, in ya toshe a canza. Lagireto da fanka da birki su zama lafiya lau.

Ranar gudu ka sauke safaya da jak da tarkacen but, kowane kilo 45 na rage kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai dai ka tuna ka rage shi a lissafi. Motar da tayun gaba ke ja, rage iskarsu zuwa PSI 25, ka mayar bayan an gama. Kashe AC, ɗaura bel, sa hular kwano. In mai kuloci ce, riƙe allurar da ke nuna juyin inji a minti wajen 2,500 zuwa 3,000 ka saki a hankali. Injin Accord ɗin nan yana kai ƙarshen ƙarfinsa a 5,500, saboda haka ka ɗan wuce nan kafin ka canza giya.

A motar yaron mun samu nozul biyu sun toshe, bawul sun kwance, matatar iska ta cika da ƙura. Muka gyara, muka mayar masa da salansarsa. Da muka koma awo da nauyi ɗaya, ta tsallake layi da kilomita 136, wato doki 150. Shi da kansa ya buga lissafin a wayarsa, ya miƙo mini in duba.