Yadda ake karatun digiri na biyu a fannin labarin ƙasa: jagora ga ɗaliban Kebbi da Zamfara

Duk wanda ya kammala digirin farko a labarin ƙasa kuma yake da niyyar ci gaba, ya kamata ya sani tun daga farko cewa digiri na biyu ba ƙarin haddar sunayen koguna da duwatsu ba ne. A wannan mataki ana horar da ɗalibi ne ya ɗauki tambaya guda game da wani wuri takamaimai, ya tattaro hujja da hannunsa, ya auna ta, ya zana ta a taswira, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya gano. Duk darussan da zai zauna a aji ya saurara shiri ne na wannan aiki, don haka tun ranar da ya sayi fom ya dace tambayar ta fara yawo a ransa.

Batun shiga ba shi da wuyar fahimta. Galibin jami'o'in Najeriya suna neman digirin farko mai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, tare da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun shaida daga malamai, da cikakken sakamakon jarrabawa wanda tsohuwar jami'ar mai nema za ta aika kai tsaye. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ɓata wa mutane lokaci, saboda haka a fara nemansa da wuri. Wanda sakamakonsa bai kai ba, ko wanda ya fito daga wani fanni, yawanci sai ya fara yin babbar difiloma ta shekara guda. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Bayero da ke Kano duk suna da tsofaffin sassan labarin ƙasa masu ba da digiri na biyu da na uku. Jami'o'in Tarayya na Birnin Kebbi da Gusau an kafa su ne a 2013, kuma kafin mutum ya biya kuɗin fom a kowace jami'a, ya kamata ya je sashen da kansa ya tabbatar da irin shirin da ake gudanarwa a wannan shekara da malaman da ke ƙasa.

Ga mai karatu na cikakken lokaci, shirin yakan ɗauki aƙalla zango uku, wato kimanin wata 18, ko da yake a aikace yakan wuce haka. Zango biyu na farko na darussa ne. Akwai waɗanda suka zama dole a kan kowa: tarihi da falsafar fannin, dabarun bincike, da lissafin ƙididdiga. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki darasin falsafa a matsayin nauyin da za a sauke a wuce, alhali a nan ne ake nuna wa mutum cewa masana sun daɗe suna saɓani a kan yadda za a fahimci dangantakar ɗan'adam da muhallinsa, daga masu cewa yanayin ƙasa ne ke hukunta rayuwar mutane, zuwa masu auna komai da lissafi a shekarun 1960, zuwa masu tambayar wa ke da iko da ƙasa da ruwa. A wannan darasi ɗalibi zai haɗu da ayyukan Akin Mabogunje, masanin labarin ƙasa ɗan Najeriya, a kan birane da ƙaura, da na Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano kuma ya shafe shekaru yana nazarin yadda manoman Arewa ke jure fari. Lissafin ƙididdiga kuwa babu hanyar kauce masa, kuma shawarata ita ce duk wanda ya san yana da rauni a nan ya ware watannin jiran takardar shiga ya sake bitarsa.

Daga nan sai zaɓen ɓangaren da mutum zai ƙware a kai. Ɓangare na farko shi ne na halittar ƙasa, wanda ya ƙunshi nazarin yanayi, da siffar doron ƙasa, da ruwa, da nau'in ƙasar noma, da tsirrai. Yankinmu aji ne babba ga mai wannan sha'awa. Birnin Kebbi, Argungu da Gwandu suna zaune ne a kan kwarin Sakkwato, inda ƙarƙashin ƙasa ke da shimfiɗun yashi da laka masu riƙe ruwa, yayin da Zuru, Yawuri, Anka da Maru suke kan tsoffin duwatsu masu tauri, inda ruwa ba ya samuwa sai a tsagu da inda dutsen ya ruɓe. Wannan bambanci shi ke bayyana dalilin da ya sa rijiyar burtsatse takan yi albarka a wani gari ta kuma ƙafe a wani, kuma a cikin waɗannan tsoffin duwatsu ne zinariyar Zamfara take. Mai nazarin yanayi zai koyi cewa ba a yanke hukunci a kan sauyin damina da bayanan shekara biyar ko goma. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shekara 30 ne, kuma tashoshin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na Yelwa, Sakkwato da Gusau suna da bayanan da suka haɗa har da lokutan fari na shekarun 1970 da na 1980. Zai kuma koyi cewa ga manomin gero, ranar faɗuwar damina da tsawon tsaikon ruwa bayan shuka sun fi jimillar ruwan shekara muhimmanci.

Ɓangare na biyu na mutane ne: yawan jama'a da ƙaurarsu, birane, karkara, noma, sufuri, kasuwanni, iyakoki, da yadda cututtuka ke bin wurare. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 misali ce mai ɗaci ta abin da wannan ɓangare ke bincika, domin ba a fahimci annobar ba sai da aka bi sawun dutsen zinariya daga ramin haƙa zuwa tsakar gida, inda ake niƙa shi kusa da inda yara ke wasa. Haka ma madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978: ta samar da noman rani a wani yanki, amma ta rage ambaliyar da fadamun da ke ƙasa da ita suka dogara da ita, kuma rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jini a 1980. A kudancin Kebbi, madatsar Kainji ta 1968 ta tayar da dubban mutane daga garuruwansu a ƙasar Yawuri. Mai lura zai ga cewa a duk waɗannan misalai ba a iya raba ƙasa da mutanen da ke kanta, shi ya sa nake ganin ɗalibin da ya ƙware a ɓangare guda ya yi watsi da ɗayan ya cuci kansa.

Ɓangare na uku, wanda a yau ya fi buɗe ƙofar aiki, shi ne na taswira ta kwamfuta da ake kira GIS, da nazarin hotunan tauraron ɗan'adam. Ko wane ɓangare mutum ya zaɓa, sai ya taɓa wannan. Ya kamata ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi, ya sauke manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ya fara gwaji kafin a shiga aji. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972 kuma ana samun su kyauta, abin da ke ba ɗalibi damar kwatanta faɗin Birnin Kebbi ko dajin Kuyambana na shekarun baya da na yanzu. Sai dai kowane ɗigo a hoton Landsat na zamani yana wakiltar mita 30 tsawo da faɗi, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba, don haka ƙananan gonakin albasa na Aliero sun fi fitowa a hotunan Sentinel-2 masu ɗigon mita 10. Wanda ke son auna ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi a 2020, zai tarar gajimaren Agusta da Satumba ya rufe masa ƙasa, sai ya koma ga hotunan na'urar radar na Sentinel-1 waɗanda gajimare ba ya tare su.

Akwai wani tarko da ke kama sababbin shiga a wannan yanki musamman. A tsarin ma'aunin taswira na UTM, wanda ya kasa duniya shiyya-shiyya, layin digiri 6 na gabas ya raba shiyya ta 31 da ta 32, ta yadda Birnin Kebbi take a ta 31, Gusau kuma a ta 32. Idan aka ɗora bayanan shiyya guda a kan ɗayar ba tare da gyara ba, ƙauye yakan bayyana a nesa ƙwarai da inda yake. Haka nan tsofaffin taswirorin gwamnati an zana su ne bisa ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa tana aiki da WGS 84, kuma wajibi ne a daidaita su kafin a haɗa.

Zaɓen maudu'in bincike shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Take irin "tasirin sauyin yanayi a kan noma a Jihar Kebbi" ya fi ƙarfin ɗalibi guda, domin jihar tana da ƙananan hukumomi 21 kuma ta miƙe daga iyakar Nijar a Kamba har zuwa tafkin Kainji. Amma idan ya tambayi yadda faɗin gonakin shinkafar rani ya sauya a fadamar Argungu daga 2015, shekarar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, da yadda hakan ya shafi burtali da mashayar dabbobi, to ya sami tambayar da ke da wuri, da lokaci, da hanyar aunawa. Kafin ya kai wa malamin da zai duba aikinsa, ya tambayi kansa ko bayanan suna samuwa, ko aljihunsa zai ɗauki zirga-zirgar, ko kuma zai iya isa wurin lafiya. Ya tuna cewa ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, saboda haka duk adadin da zai kawo na yanzu hasashe ne, kuma dole ya bayyana yadda ya lissafa shi.

Matsalar tsaro ba abin wasa ba ce a sassan Zamfara da wasu yankunan Kebbi. Babu kundin da ya kai ran mai rubuta shi. Inda shiga ba ta yiwuwa, hotunan tauraro da tattaunawa da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa gari suna iya ɗaukar bincike mai nauyi, muddin ɗalibi ya faɗi iyakar hanyar da ya bi a fili, kuma ya ɓoye sunayen waɗanda suka ba shi bayani.

Bayan an amince da tsarin binciken a taron ƙara wa juna sani na sashe, sai fita fili. Ɗalibi ya karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashensa, ya fara da fadar hakimi ko gidan dagaci, ya cire takalmi, ya ce "Ranka ya daɗe", ya bayyana cewa shi ɗan makaranta ne, ba ma'aikacin rabon taki ko tallafi ba, domin idan jama'a suka zaci akwai rabo, amsoshinsu za su karkata. Ya nemi a haɗa shi da Sarkin Noma, ko Sarkin Ruwa idan aikin na kogi ne, ko Arɗo idan na makiyaya ne. Idan samfurin ƙasa zai ɗauka, ya haƙa zuwa zurfin da ya ƙayyade a tsarinsa ba tare da sauyawa daga gona zuwa gona ba, ya zuba a leda mai tsabta, ya rubuta lamba a jikin ledar, ya sake rubuta ta a guntun takarda da fensir ya jefa ciki, domin tawada takan goge a hanya, sannan ya ɗauki ma'aunin wurin da GPS ya shigar a littafinsa nan take. Idan dattijo ya nuna masa tabon ruwa a jikin kuka ya ce nan ambaliyar wata shekara ta kawo, ya auna tsayin tabon ya rubuta. Irin wannan shaida ce ke tabbatar da abin da hoton tauraro ya nuna ko ta ƙaryata shi. Tambayoyin da aka rubuta da Turanci a mayar da su Hausa tun a gida, a gwada su a kan mutane kaɗan, kuma a nemi mace ta shiga gidaje idan ana bukatar jin ta bakin mata.

Rubutun kundi yakan bi babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, wurin bincike da hanyoyinsa, sakamako da tattaunawa, sai kammalawa. Kowace taswira ta kasance da ma'auni, da alamar arewa, da mabuɗi, da asalin bayananta. Jami'o'i yanzu suna tace kundi da manhajar gano satar fasaha, don haka duk abin da aka ɗauko daga wani a ambaci mai shi. Ɗalibi zai fara gabatar da aikinsa a gaban malaman sashe, daga baya ya kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a, wanda yakan fi matsawa a kan dalilin zaɓen adadin mutanen da aka tambaya da kuma yadda aka tabbatar da sahihancin taswira.

Wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman digiri na uku, wanda ke ɗaukar aƙalla shekara uku kuma ake bukatar ya ƙara wa fannin sabon ilimi. Malaman manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantunsu. Wanda ya fi son aiki kuwa yana iya dubawa a Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da NiMet, da hukumomin agajin gaggawa, da ma'aikatun filaye da muhalli na jihohi, da Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraro ta Ƙasa da ke Jos. A yawancin waɗannan wurare za a so a ga abin da hannunsa ya iya, saboda haka ya adana taswirorin da ya zana da bayanan da ya tattaro a wuri fiye da ɗaya, ya kuma ware uku ko huɗu mafi kyau da zai riƙa haɗawa da takardar neman aiki.